Wa Ya Faɗa wa Kyaftin?

Yau babu Kyaftin, babu Marainiya. Wadda ta shigo da sitikar kuka a hannu tana jiran ta ga ko Kyaftin zai durƙusa, ta yi haƙuri ta mayar da ita. Labarina zan ba ku, ni da nake rubuta su. Da wayar Yayata nake wannan rubutun, a sabon guruf ɗin da ta buɗe, kuma duk wadda ke ciki sai da muka kira muka ji muryarta kafin a saka ta. Ku bi ni a hankali, za ku ji dalili.

Ga waɗanda yau suka fara ganina: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, a kemis nake aiki. Tsakanin mai neman maganin tari da mai son a gwada masa hawan jini nake rubutu, a tsaye, na jingina da firjin allurai. A haka na kai shafi talatin na labarin Kyaftin, a tsohon guruf mai mutum ɗari uku da 'yan kai.

Abin da ban taɓa faɗa muku ba shi ne, Kyaftin yana nan da ransa. Ba ya tuƙa jirgi, waya yake gyarawa. Injiniya ake ce masa.

Wata takwas da suka wuce wayata ta faɗa bokitin wanki. Na kai ta wani ɗan shago a ƙarƙashin matakalar bene, inda warin dalma ke shiga ido. Na same shi da farar riga wadda ko ɗigon datti babu, yana aiki da ɗan tsinken ƙarfe kamar mai cire ƙaya. Murya ƙasa-ƙasa, ba ya kallon mutum ya daɗe. Ya ce in dawo bayan kwana biyu. Bayan kwana huɗu sai ga shi a kemis yana neman maganin ciwon kan da ban ga alamarsa a fuskarsa ba. Bayan sati uku yana falonmu, Umma tana fito da kofunan da ba a taɓawa sai baƙi.

Kun san iyaye. Umma ba ta yi min dole ba, amma akwai kallon da ya fi dole nauyi.

"Auta, yaran da kika goya a layin nan sun fara goyon nasu."

"Umma, ai ban ce ba na so ba."

"Ba ki ce kina so ba kuma. Mutum ba shi da hayaniya, ba ya shan komai, ga hannu a buɗe. Dubi wayar da ya kawo min, ko madannin da zan yi ta fama da shi babu."

Duk abin da Injiniya ya yi, da na isa kemis sai in sa wa Kyaftin. Na canza masa riga kawai. Shi kuwa ya ce ba ya karanta irin waɗannan labaran, wai kansa juyawa yake, don haka na saki jiki na yi ta kwasa.

Ku kuma kuka yi ta zuba yabo. Akwai 'yan gaba-gaba da kowa ya sani: Maman Biyu, Anti Zuma, Gimbiyar Kyaftin, Mai Hawaye, da wasu biyar. Kafin minti uku da sakin shafi sun cika guruf. "Allah Ya ƙara basira." "Irin mijin nan a ina ake samu?" "Marainiya ta amince kawai, me take jira?" Idan na gaji da tsayuwa, ko oga ya yi min faɗa a gaban kwastoma, sai in buɗe in karanta su kamar mai shan ruwan sanyi.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa tura sitika ba. Babu hoto a lambarta, babu suna, sai 'yan guruf suka sa mata Maɗaciya. Ita idan ta yi magana sai ka ji kamar an taka maka yatsa.

"Layi goma sha ɗaya a kan labulen falo. Labulen ne zai yi auren?"

"Marainiya ta suma sau huɗu cikin shafi tara. A kai ta a gwada jininta."

Ina jin haushi, ina kuma gyarawa a ɓoye. Daga shafi na goma Marainiya ba ta ƙara suma ba, kuna iya dubawa.

Sai shafi na ashirin da biyu, wanda Kyaftin ya kawo mata madubi ranar da nata ya fashe. Guruf ya rikice da zukata ja. Can da hantsi, ina ƙirga ƙwayoyi cikin 'yar leda, sharhin Maɗaciya ya shigo. Har yau zan iya karanta shi da ka.

"Marubuciya, ina da tambaya. Shafi na tara, Kyaftin ya san ta yi kuka a banɗaki. Shafi na sha huɗu, ya aiko da abinci mai laushi ranar da haƙorinta ke ciwo, kin kuma rubuta cewa ba ta faɗa wa kowa ba. Yau ga madubi. Wa ya faɗa masa? Labarinki babu aljani. Mutum abin da ya gani yake sani, ko abin da aka faɗa masa, ko abin da ya laɓe ya ji. Ba ki nuna ko ɗaya ba. Ko dai lalaci ne daga gare ki, ko kuwa mutumin nan bibiyarta yake. Idan na biyun ne, wannan ba labarin soyayya ba ne, ki daina sa masa furanni."

Kafin in gama karantawa an rufe ta. Maman Biyu ta ce hassada ce. Gimbiyar Kyaftin ta ce in ta iya ta rubuta nata. Mai Hawaye ta ce da gani babu wanda ya taɓa son ta. Anti Zuma ta biyo ni gefe: "Ƙanwata, irin waɗannan su ke kashe wa marubuci zuciya. Ki cire ta, ko mu tara mu fita."

Na cire ta. Da yatsana, ina jin daɗi ma. Ta turo min saƙo ɗaya ta gefe: "Cire ni ba zai cike ramin ba." Na toshe lambar, na ci gaba da sayar da magani.

Daga nan guruf ya yi lafiya. Shafi bakwai na saki babu wanda ya ce ko wasali ya karkace.

Ranar Litinin da ta wuce Umma ta same ni ina guga.

"Baffanku ya kira. Manyan yaron suna son zuwa ranar Juma'a. Na ce zan ji daga bakinki."

"Juma'ar nan?"

"A'a, ta shekarar baɗi. Auta, ki ba ni amsa kafin Alhamis ta fita."

Na tafi aiki da niyyar rubuta shafin da Marainiya za ta ce ta amince, don ni haka nake, sai na rubuta abu nake sanin ko ina son sa. Na koma baya ina duba tsofaffin shafuka don in ɗauko zaren. Na zo kan madubin. Sai na ji kamar wata ta tsaya a bayana, daidai kafaɗata, tana tambaya a hankali: wa ya faɗa masa?

Na ce bari in amsa mata ko a zuciyata, in huta. Na kasa.

Ku duba tare da ni. Ranar haƙorin, a kemis nake aiki, magani na ɗauka na sha, ban ce wa kowa komai ba, sai da na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi ta ƙorafi ni kaɗai. Madubin kuwa ƙarami ne, cikin durowar gado yake, da safe ya suɓuce. Na ce "shi ke nan, madubina ya tafi," na share gilashin na zuba a shara. Da yamma sai ga Injiniya da sabo a cikin takarda. Ban ƙirƙiri ramin da Maɗaciya ta gani ba. Kwafo shi na yi yadda yake.

Yayata tela ce, shagonta yana jikin gidanmu. Na same ta da allura a baki.

"Yaya, ke kika faɗa wa Injiniya madubina ya fashe?"

Ta cire allurar. "Ni? Mutumin da muryarsa kamar ya zo ta'aziyya? Ko ɗinkinsa ba na so."

"Umma fa?"

"Umma ba ta san kina da madubi ba ma. Me ya faru?"

Na ce babu komai.

Ranar Talata da azahar gidan babu kowa. Umma ta je duba maƙwabciya, keken ɗinkin Yaya yana ta ƙara a waje. Na shiga ɗaki, na sa sakata, na saki labule. Na ajiye wayar a kan filo, fuskarta sama, baƙa ƙirin. Ban taɓa jin kunyar waya ba sai ranar. Na tsaya tsakiyar ɗaki na nemi abin da ba na so, ba na buƙata, wanda babu mai hankalin da zai saya min. Wata biyu ke nan ko yayyafi ba a yi ba.

Na ce da ƙarfi, kamar mai magana da bango, "Da ma in sami laima. Ruwan ƙwai, mai hannun katako."

Na zauna bakin gado. Fanka tana juyawa. Wayar ba ta yi haske ba, ba ta yi motsi ba. Na yi wa kaina dariya, na ce Auta, rubutu ya fara taɓa ki.

Laraba bayan la'asar na ji sallamarsa. Na sa doguwar rigata mai ruwan toka, na yafa mayafi, na fito. Yana zaune a kujerar da ya saba, ƙafafu a haɗe, a kan cinyarsa akwai wani dogon abu cikin leda.

"Na gan ta a hanya," ya ce, "sai kawai na ji kamar taki ce."

Haka ya ce ranar madubi. Kalma ɗaya bai canza ba.

Umma ce ta zare ledar. Ruwan ƙwai. Hannun katako, har da ɗan lanƙwasa. Ta buɗe ta a tsakiyar falo, hasken taga ya bi ta cikinta, fuskokinmu duka suka koma rawaya kamar na marasa lafiya.

"Kin gani?" in ji Umma. "Mutum mai tunanin gobe. Wa ke tuna laima da rana irin wannan?"

Na ce na gode. Na ji muryata ta fito daidai, har da murmushi.

Alhamis na nemi awa biyu a wurin oga. Na riga na gama shafi na talatin, ban sake shi ba. Ban san me nake nema ba, gaskiya. Na dai ce bari in ga mutumin nan a inda yake shi kaɗai da kayan aikinsa.

Shagon yana nan yadda na san shi: akwatin gilashi cike da murafen waya, fitila mai wuya kamar na zalɓe, tebur mai durowa uku. Na ce wurin cajina yana wasa. Ya karɓa ya duba, ya hura, ya ce lafiyarsa ƙalau, ya miƙo min.

"Ƙishi nake ji," na ce.

"Bari in tsallaka in samo miki mai sanyi."

Ina kallon farar rigarsa har ta shiga cikin motoci. Shagon ya yi tsit. Don in ba hannuna aiki, na buɗe guruf na danna, shafi na talatin ya tafi.

Sai teburin ya yi gurnani.

Ba ƙara ba ce, wani irin kukan ƙudan zuma ne daga cikin katako. Sukudireban da ke kan tebur ya fara birgima da kansa, a hankali, ya kai baki ya faɗo ƙasa. Sai shiru.

Durowar ƙasa ce. Na durƙusa na ja ta.

Wayoyi ne a jere cikin soso, kamar ƙwai a kiret. Tsofaffi, wasu gilashinsu a tsage, duka a kunne, duka suna nuna layin farko na shafina. A saman kowace an manna farin salatif, an rubuta da shuɗin biro, rubutu mai kyau.

Maman Biyu. Anti Zuma. Gimbiyar Kyaftin. Mai Hawaye.

Na ƙirga tara.

Jama'a, lokacin da Maman Biyu ta ce tagwayenta na zazzaɓi, ni na rubuta mata yadda za ta auna maganin, na yi ta tambayar jikinsu kwana uku. Anti Zuma na faɗa mata abin da ban faɗa wa Yayata ba. Na ce mata ina shakkar wani mutum, ta ce shaiɗan ne ke son raba ni da alheri.

A can ƙarshe akwai ta goma, ita ba ta cikin guruf. An maƙala mata abin sauraro. A salatif ɗinta an rubuta Auta.

Na sa abin a kunnena. Na ji fankar shagon. Na ji hon ɗin mota. Na ji wata tana numfashi da sauri, kusa sosai. Na riƙe numfashina, bayan ɗan kaɗan ita ma ta riƙe.

Na mayar da komai, na tura durowar, na koma kan benci. Ya shigo da kwalba tana zufa. Ya buɗe min, ya sa tsinken sha. Sannan ya sunkuya ya ɗauki sukudireban, ya dube shi, ya ajiye shi daidai inda yake.

"Gobe ne ko?" ya ce.

"Gobe ne."

A cikin mota saƙonni suka fara shigowa. Maman Biyu ta turo zukata. Gimbiyar Kyaftin ta ce shafin yau ya fi na kullum. Sai Anti Zuma: "Ya yi daɗi, ƙanwata. Amma Marainiya ta rage buɗe abin da ba nata ba." Ku da kuka karanta shafi na talatin kun sani, Marainiya ko taga ba ta buɗe ba a ciki.

Na kashe wayar. Da na isa gida Yaya ta ji kaɗan daga cikin labarin, ta karɓi wayar da gefen zani kamar mai ɗaukar ɓera, ta kai sito ta cusa cikin buhun shinkafa har gwiwar hannu. Muka sami Umma a falo.

Ta saurara har ƙarshe, sannan ta gyara ɗankwali.

"To, don mutum ya yabi rubutunki da waya tara shi ne laifi? Babanku, Allah Ya ji ƙansa, shekara talatin ko girkina bai taɓa yabawa ba."

"Umma, laimar fa?"

"Dace ne."

"Wayar nan a kan gadona take kwana. Ina canza kaya tana nan, ina waƙa tana nan." Na matso kusa da ita. "Ranar da kika zauna bakin gadona kika faɗa min likita ya ce sukarinki ya hau, kika ce kada kowa ya ji, tana nan. Me ya kawo miki bayan kwana biyu?"

Yaya ta juyo. "Wane sukari?"

Umma ba ta kula ta ba. Ni take kallo. "Na'urar gwaji," ta ce a hankali. "Ba ke kika faɗa masa ba?"

"Ban faɗa ba."

Sai Umma ta tashi, ta ɗauki laimar da yatsa biyu, ta fita da ita har waje, ta jingina ta da katanga, ta dawo ta rufe get. Ta ɗauki wayarta ta kira Baffa a gabanmu. "Ka ce musu kada su zo. A'a, ba ɗagawa aka yi ba. An fasa." Da ta ajiye sai ta ce min, "Ki ci abinci." A bakin Umma wannan ban haƙuri ne.

Yau da safe Yaya ta lalubo min lambar Maɗaciya cikin tsofaffin saƙonnin guruf da ke wayarta. Na rubuta mata duk abin da kuka karanta yanzu, na ba ta haƙuri, na tambaye ta ko ta san shi ne. Ina jiran ta ce ai na faɗa miki.

"Ban san shi ba," ta rubuto. "Shekara talatin na yi ina buga bayanan shaidu a kotu kafin in yi ritaya. Kunnena ya saba jin inda magana ba ta haɗu ba, shi ke nan. Da ban ga kina da hannun rubutu ba, da ban ɓata yatsana a kanki ba. Wannan ya fi shafukanki talatin, babu suma, babu labule."

Na yi dariya, karo na farko tun Talata. Mutum ɗari uku, da durowa guda ta yabo, ita kaɗai ta karanta ni da gaske, ita kuma na kora. Don haka a nan doka ɗaya ce: wadda ta ga rami ta faɗa, ko da zan yi fushi. Zan huce.

Muna falo mu uku lokacin, rana ta fito sosai, Yaya tana yi wa Umma faɗan sukari. Sai wani saƙon ya shigo.

"Amma akwai saura ɗaya. Shafi na sha bakwai, Kyaftin ya ba uwar Marainiya sabuwar waya. Idan shi ma kwafowa kika yi, ina wayar take jiya lokacin da kuke magana?"

Na ɗaga kai. Tana kan hannun kujerar Umma, jone da caji, fuskarta sama. Inda take jiya. Inda take kullum.

Na ɗora yatsa a kan leɓena. Yaya ta yi shiru a tsakiyar kalma. Muna kallonta mu uku ta kawo haske.

Saƙo ne daga Injiniya. Umma ba ta gani sosai in babu tabarau, ni na karanta, ban taɓa ta ba.

"Umma, ina kwana. Ki ce wa Auta ta cire wayar daga shinkafa, ƙura za ta toshe wurin caji. Laimar kuma na shigo da ita, kada rana ta ci kalarta."

Yaya ta je taga ta ɗaga labule da yatsa ɗaya.

Get ɗin a rufe yake, da sakatarsa ta ciki. Laimar tana tsakar gida, a buɗe.